Indararo

Rannan Inna ta kira wata maƙwabciyarmu indararo, don duk abin da ya shiga kunnenta sai ya zubo ta baki. Yaranmu suka yi ta dariya, a zatonsu zagi ne kawai. Ba laifinsu ba ne. A gidan haya suka yi wayo, a cikin garin Birnin Gwari, ƙarƙashin rufin kwano, shi kuwa kwano ta ko'ina yake zubar da ruwansa.

Mu a soro muka tashi, a ƙauyenmu da ke gefen dajin Kamuku. Rufin soro azara ce da ƙasa, shimfiɗe, ruwa kuma in ya kwana a kai sai ya nemi hanyar shiga ɗaki. Shi ya sa magini ke karkata rufin kaɗan, ya bar kafa a gefe, ya sa indararo ya miƙo waje kamar kamu ɗaya don kada ruwan ya ci gindin bango. Na kakanmu na yumɓu ne, aikin masu ginin tukwane. Da ya fashe aka sa na ƙarfe daga wurin maƙeri, wanda ya fi surutu. A kunnenmu ma sunan daga ƙarar ya fito: faɗi kalmar a hankali, za ka ji ruwa na gangarowa a ƙarshenta. Na buta kuwa baki ake ce masa, ba a ba shi wannan girman.

Ruwan farko ba a tara shi, ƙura ce da kashin tsuntsaye. Daga na biyu Inna ke jera garwa da baho, don ta ce sabulu ya fi kumfa da ruwan sama. Mu kuma mu tuɓe mu shiga ƙarƙashi, ruwan na dukan ƙeya har sai an biyo mu da tsumagiya.

Kafin damina Baba kan hau da tsani, ya zare shekar tsuntsu da ganye, ya liƙe gefen da ƙasa da makuba. Aikin rabin yini ne, ba mu taɓa ɗaukarsa a bakin komai ba.

A 2021 'yan bindiga suka tashe mu. Da sulhun ƙarshen 2024 ya sa aka sake buɗe kasuwar kara, hanya ta ɗan lafa, muka yi shahada muka je gani. Ba wanda ya sa wa gidan wuta, ƙofar ma na nan da kwaɗonta. Indararon ne ya toshe, damina huɗu ruwa na kwana a kai, har azara ta ruɓe, rufin ya rufta kan gadon Inna.

Baba ya tono shi daga cikin ƙasar, ya kakkaɓe, ya ɗaure a bayan babur. Yana nan jingine a bayan ƙofar gidan hayar. Mai gidan ya tambaya sau biyu ko na sayarwa ne.