Ƙugiya a kan K

A hutun Disamba da ya wuce na koma gida Damagaram da niyyar in huta, in ci tuwon Inna, in manta da fonoloji na sati biyu. Kwana biyu da isowata, wani abokina na fada ya same ni da aiki. Tun muna koleji muke ce mishi Direkta, don ba ya iya ganin portabul mai kamara ya ƙyale. Shi da yaransa sun ɗauki wani ɗan fim na ban tsoro, minti goma sha takwas, a lungunan Birni. Labarin wata yarinya ce da aka aika sayen kanwa da yamma, hazo ya rufe gari, ta daɗe ba ta dawo ba. Da ta dawo, sai uwarta ta lura cewa in ta taka ƙasa ba ta barin sawu. Sunan fim ɗin Ƙura.

Ya ce: "Kai da kake karatun harshe a Yamai, kai za ka yi mana jenerik."

Jenerik dai shi ne wancan rubutun farkon fim, sunansa da sunayen waɗanda suka yi shi. Lokacin da muke yara muna biyan dala biyar mu shiga gidan bidiyo, wannan wurin ne ake neman wurin zama, ake sayen gyaɗa, wani ya yi ta ihu a wuce da shi. Ban taɓa ɗaukarsa aiki ba. Na ce mishi to, a zatona abin dare ɗaya ne.

Matsalar farko ta fito tun kafin shayi ya tafasa. Na buɗe ordinatar, muka zaɓi wani salon rubutu mai kamar jini yana ɗiga (da Faransanci polis ake ce wa salon rubutu, kuma a daren nan ya yi mana halin polis ɗin), na buga sunan fim. Maimakon Ƙ sai ga wani ɗan akwati fanko, sannan URA. Na canza salo, akwati. Na sake canzawa, akwati. Duk salon da ke da ban tsoro, wanda ya zana shi bai san da zaman ɓ, ɗ, ƙ da ƴ a duniya ba. Waɗanda ke da haruffanmu kuwa sun yi kama da takardar jarrabawa.

Direkta ya ce: "Sa K kawai mana, wa zai lura?"

Na ce in na sa K, fim ɗinka ya zama Kura. Mutane za su zauna minti goma sha takwas suna jiran dabba ta fito. Ya yi dariya ya ce ai ita ma tana ban tsoro. Ni ban yi dariya ba, don shekara uku ke nan ana koya mini cewa da irin waɗannan tagwayen kalmomi ake gane sautin da harshe ya ɗauka da muhimmanci: kura da ƙura, baki da baƙi. Amma kuma na san gaskiyarsa. Yawancinmu da Faransanci muka koyi karatu, kuma a saƙon WhatsApp ba wanda ke wahalar neman ƙugiya. Ni kaina ba kullum nake sa ta ba.

Na roƙe shi kwana uku. A cikinsu na ƙarar da kuɗin intanet ɗina wajen kallon farkon finafinan ban tsoro, farkon kawai, in ya ƙare in koma baya. A nan na gane cewa zaɓinmu na jini mai ɗiga shi ne kuskuren farko. Manyan ba sa haka. A Psycho na Hitchcock, 1960, Saul Bass bai zana wuƙa ko gawa ba: sanduna ne kawai ke shigowa daga gefe, su kawo suna, sunan ya tsage gida-gida, ga gogen Bernard Herrmann na bin su a guje. Kafin ka ga fuskar kowa an riga an gaya maka cewa wani abu a labarin nan a tsage yake. A Halloween na John Carpenter, 1978, kabewa ce guda da aka fafe, da wuta a ciki, kamara na matsowa kusa da ita a hankali, sunaye na fitowa a gefe. Ba abin da ke faruwa, amma ba ka iya kau da ido. Rosemary's Baby na 1968 ma ya fi ba ni mamaki, don rubutunsa ruwan hoda ne mai lanƙwashe-lanƙwashe kamar katin biki, da muryar mace tana waƙar rarrashin jariri. Daɗin ne ke sa ka tsargu.

Wanda ya fi burge Direkta shi ne The Thing na 1982, saboda talaucin dabarar. Peter Kuran (haka sunansa yake, kamar kuran ɗinmu na lantarki) ya yi amfani da akwatin gilashi na kiwon kifi cike da hayaƙi, da ledar shara da ta tare haske. Ya cinna wa ledar wuta, tana ci, haske na ɓullowa ta cikin haruffan. Direkta ya ce in dai leda da ashana ne, mu ma muna da su.

Ni kuwa Alien ne ya hana ni barci. Fim ɗin Ridley Scott ne na 1979, Richard Greenberg ya tsara sunan. A saman allo farar sanda ɗaya take fitowa, sai wata can nesa da ita, sai wata, ba ka san ko rubutu ba ne ko alama. A hankali suke haɗuwa har kalmar ta cika. Abin da ya kama ni shi ne lokacin da kake kallon abu kana ƙoƙarin karanta shi, bai yarda ya karantu ba tukuna. Mai karatu ba ya son a bar shi a rataye, ƙwaƙwalwarsa sai ta yi ta cike gurbi da kanta, kuma abin da take cikewa da shi ba ya da daɗi.

Da asuba dabarar ta zo mini. Tunda ƙugiyar ce matsala, to ita za ta zama fim ɗin. A fara rubuta KURA, a bar mai kallo ya karanta, ya saki jiki, ya ce to dabba ce. Sannan a hankali ƙugiya ta tsiro a kan K, kalmar ta koma ƘURA a gaban idonsa. Abin da ya zata yana da haƙora da ƙafafu, ana iya gudu a tsere masa, ashe abin da yake shaƙa ne. Haka ma yarinyar fim ɗin: ita ce, amma da ɗan wani abu da ya canza.

Ordinatar ba ta iya wannan ba, sai muka koma hannu. Muka ɗauko faranti, muka shimfiɗa baƙar takarda, muka tankaɗe ƙurar tsakar gida da rariyar Inna (ba ta sani ba, har yau). Na rubuta KURA da tsinke. Portabul a ɗaure a bakin tebur tana kallon ƙasa, tocila a gefe don inuwa ta fito. Sai in ja tsinke kaɗan, kamar faɗin ƙwayar gero, a ɗauki hoto, in ƙara ja, a ɗauka. Sau biyu wani yaro ya yi atishawa muka sake daga farko. Da muka jera hotunan, ƙugiyar ta ɗauki sakan goma sha ɗaya kafin ta gama lanƙwasa.

Sauti kuma daga aji na ɗauko shi. Ƙ ba da iskar huhu ake yin ta ba. Maƙogwaro ne ke rufewa, ya yi sama, ya matse iskar da ke bayan harshe, sai ta fashe. Na ɗauki muryata ina cewa ƙura, na buɗe ta a Praat, manhajar da muke duba sauti da ita, na ga abin da malaminmu ya sha nuna mana: fashewa, sai ɗan shiru, sannan wasali. Na yanke wasalin na jefar, na ja shirun ya yi tsawo. Daidai lokacin da ƙugiya ta cika, iska ta tsaya, a ji ƙ ita kaɗai, sai shiru, sai duhu. Da muka saurara da ekutar a kunne, tsigar jikina ta tashi, alhali muryata ce.

Rigimar gaske ba a kan harafi muka yi ta ba. Wani Alhaji mai butik a unguwa ya ba su jika ashirin na esans da abinci, kuma Direkta ya yi mishi alkawarin sunansa zai fito a farko, da godiya, da sunan butik. Na ce sam. Yaya za a ce na yi kwana uku ina gina shiru, sannan a buɗe da tallar sukari da madara? Na kawo mishi Bass, na kawo Greenberg, na yi ta zuba kamar ina gaban juri. Ya bari na gama, sannan ya ce: "Kai jibi za ka hau mota ka koma Yamai. Ni kullum ta ƙofar butik ɗin nan nake wucewa." Ban sami amsa ba. Mun yi yini guda ba mu yi magana ba. Daga baya na sa godiyar Alhaji a allon farko, da manyan haruffa, na bi ta da duhu na sakan biyar don ido ya manta. Har yanzu ina ganin ta rage wa abin ƙarfi, amma da ba esans ɗinsa, da ba fim ɗin da zan yi wa jenerik.

Daren da aka nuna shi, a tsakar gidan su Direkta, an ɗaura farin zane a bango, mutane sun kai arba'in da yara. Ana shirin farawa kuran ya ɗauke. Aka tada gurup, aka ajiye shi a zaure. Ƙararsa ta cinye komai: iskar, fashewar ƙ ɗina, shirun da na auna da Praat, ba wanda ya ji ko ɗaya. Na zauna a baya kamar in nutse.

Godiyar Alhaji ta fito, aka tafa mishi, yana kujerar gaba yana murmushi. Duhu. Sai KURA. Samarin fada, masu bak da masu lisans, suna ta hira, wani ma yana haska portabul. Ƙugiya ta fara tsirowa, ina duban fuskoki, ban ga wanda ya kula ba.

Sai na ji murya a gefen mata. Gwaggon Direkta ce, wadda ba ta taɓa shiga lakol ba, ajin yaƙi da jahilci ta yi da girmanta, inda da Hausa ake koyarwa, da haruffanta duka. Tana karantawa a fili, gaɓa-gaɓa, yadda aka koya musu: "Ku-ra." Ta yi shiru. Can ta dafa ta kusa da ita ta ce: "Ke, duba, ta canza. Ƙura ce. Wa ya taɓa ta?"

Ta jawo jikarta ta ɗora a cinya, ba ta sake ta ba har fim ya ƙare.