Bindigata ta Farko

Bayan 'yan fashi sun tsare ni a wani gidan mai a Houston, na ƙuduri sayen ƙaramar bindiga. A Texas, tun 2021, mai shekara 21 yana iya ɓoye ta a jiki ba tare da lasisi ba.

Sig P365 ce ta fara burge ni don ƙanƙantarta, amma a filin koyon harbi ta dinga fizgar hannuna. Ashe ƙaramar ta fi wuyar riƙo. Glock 19 mai cin harsashi 15 ta zauna daram, ita na saya.

Ranar da na fara ɗaura ta, 'yata mai shekara huɗu ta rugo ta rungume ƙuguna, daidai inda take. Gabana ya faɗi. Ban kwanta ba sai da na sayo akwatin ƙarfe mai makulli.