Mai amya da wutar da yake ɗauka daji

A ƙasar Madarumfa da ta Magariya, in an ga amya bisa gawo ko tsamiya, an san tana da mai ita. Amma ba zumar kaɗai ke tashi ba. Wutar da ya hau icce da ita ma tashi ce, kuma barnarta shi za a tambaya.

Mai amya yakan je ɗiba da dare, da dami na ciyawa mai ci da wuta. Ya cusa a bakin amya, ƙudan zuma su ƙone, ragowar su gudu. Ya kwashe saƙa duka, har da wadda ɗiya ke ciki. Ranar ya samu zuma da yawa. Baɗi kuwa amya wayam.

In ya jefo damin ƙasa, sai abu ya wuce maganar zuma. Da rani ciyawa ta bushe, iska na kaɗawa. Kafin ya sauko, wuta ta kama abincin bisashen makiyaya. Dokar gandun daji ta Nijar, ta shekara 2004, ta hana sa ma daji wuta. Wanda aka kama zai biya tara, wani lokaci har da kaso. Ma'aikatan gandun daji ba su karɓar «ba da gangan ba ne» su tafi.

Akwai wata barna da ba ta da hayaƙi. Amyar da aka bari da tsohuwar saƙa, wani ɗan ƙwaro mai fiffike, ruwan toka, yakan shiga da dare ya yi ƙwai. Tsutsarshi ta cinye kaki, ta bar yana irin ta gizo. Daga nan sai ta zama ƙwaro, ya tashi ya faɗa amyar maƙwabci, musamman wadda ƙudanta suka yi rauni. Maƙwabcin bai yi laifin komi ba. Don haka amyar da ta mutu ba a barinta rataye. A sauke ta, a kankare, a gasa cikinta a fili mai sharar ƙasa, nesa da ciyawa. In ta lalace sosai a ƙone ta.

Masu kula sun bar harshen wuta. Busasshen kashin shanu suke sawa cikin gwangwani, hayaƙi kawai ya shiga. Ƙuda su lafa, a yanki saƙar da ta nuna, a bar musu ɗiyansu da abin ci.

Icce kuwa, in cikin gonar wani yake, sai da yardar mai gona. In gardama ta tashi, wurin maigari ake fara zuwa.