Daga kasuwar Berger zuwa Kano: Hanya ce ke zaɓar mota

Wanda bai taɓa shiga kasuwar motoci ta Berger da ke Legas ba, zai yi wuya ya fahimci yadda 'yan Najeriya suke mallakar abin hawa. Kasuwar tana gefen babban titin Oshodi zuwa Apapa, ba nisa da tashar jiragen ruwa ta Tin Can, inda ake sauke motocin da Turai da Amurka suka gama morewa. Yarbawa suna kiran irin waɗannan motoci tokumbo, wato abin da ya ƙetaro teku, mu kuma a Arewa mukan ce Beljiyam, ko da motar ba ta taɓa taka ƙasar Beljiyam ba. Tun daga ranar 1 ga Janairun 2017, da Gwamnatin Tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, masu son takardu tsarkakakku suka ƙara karkata zuwa Legas maimakon Kwatano.

Motoci ne jere ƙofa da ƙofa, har da ƙyar mutum ke ratsawa, ga dillalai na jan rigar baƙo, ga warin teku ya gauraya da na baƙin mai. Yawancin hajar Corolla ce da Camry da Sienna da manyan jif-jif, domin su kasuwa ke so. Motocin tsere kuwa sai a can ƙurya, ƙura ta lulluɓe su saboda ƙarancin masu tayawa.

Irin waɗannan marasa masu tayawa ne suka kai ni Legas a hunturun da ya wuce. Ƙanena, injiniya ne a Kano, ya shekara huɗu yana tara kuɗi don ya mallaki motar da yake mafarki tun yana yaro. Yana da mata da 'ya ɗaya, kuma motar da zai saya ita kaɗai ce za ta riƙa kai shi aiki kullum. Ya roƙe ni in raka shi, na amsa, domin kuɗin da aka tara da gumi bai kamata a kashe su da ido ɗaya ba.

Motoci biyu muka tarar a cikin ƙarfinsa. Ta farko Mazda MX-5 ce, ja, mai kujera biyu da rufin tamfol da ake naɗewa baya. An fara nuna wannan mota a Shikago a 1989, ana ƙera ta a Hiroshima, kuma a 2016 kamfanin ya fitar da ta miliyan ɗaya. Babu motar tsere mai kujera biyu da buɗaɗɗen rufi da aka saya kamarta a duniya. Wadda muka gani tana cikin zubi na uku, wanda aka yi daga 2005 zuwa 2015. Ta biyun kuma Toyota 86 ce, fara, mai rufin ƙarfe, da ƙananan kujeru biyu a baya. Ta fito a 2012, kuma da yake tamu daga Amurka take, tana ɗauke da sunan Scion FR-S, sunan da aka sayar da ita da shi a can har zuwa 2016. Dukkansu injin lita 2 ne da su, kuma tayoyin baya ne ke tura su.

Dillalin, wani Bakatsine da ya daɗe a Legas, bai ɓata lokaci ba. "Dakta, ku ɗauki Toyota ku huta. Ko a ƙauye ta tsaya, bakanike zai gane ta." Maganarsa gaskiya ce a kan Corolla, amma a kan wannan motar akwai gyara. Toyota da Subaru ne suka haɗa hannu suka tsara ta, a masana'antar Subaru da ke Gunma ake ƙera ta, kuma injinta mai ƙarfin doki 200 na Subaru ne, irin wanda silindojinsa ke kwance biyu dama biyu hagu. Canza filogi kaɗai a irin wannan injin aiki ne na mai haƙuri, kuma ba kowane shago a Ƙofar Ruwa ko Fanteka ke ajiye kayansa ba. Mazda kuwa, duk da baƙon kamanninta, injinta ɗan gida ɗaya ne da na Mazda 3 da Mazda 6 da wasu motocin Ford da makanikanmu suka saba kwancewa. Tambarin da ke goshin mota ba shi ne ke faɗin abin da ke cikinta ba.

To amma injin ba shi ne duka mota ba. Rufin tamfol an yi shi ne don ƙasashen da ake marmarin rana. Mu da ranar bazara ke gasawa, hazon hunturu ke shiga ko ta ƙofar da aka kulle, ba mu da kwanaki da yawa a shekara da za a naɗe rufi a sha iska. Ga shi reza ɗaya ta ishi ɓarawo ya shiga. Sannan akwai tambayar da ƙanena ya yi shiru a kanta har sai da na furta: ina 'yarsa za ta zauna? Kujerun bayan Toyota ba za su ɗauki babban mutum ba, amma za su ɗauki yarinya 'yar shekara uku, kuma in an kwantar da su, buhun shinkafa zai samu wuri.

Kafin a yi maganar kuɗi, mun sa an ɗaga motocin biyu. A ƙasashen sanyi ana watsa gishiri a titi don narkar da ƙanƙara, gishirin kuma yana cin ƙarfen ƙasan mota ko da fentin samanta na sheƙi. Mun ɗaga kafet muna neman laka da warin ruwa, saboda ambaliyar Amurka, irin ta guguwar Harvey da ta shanye birnin Houston a 2017, takan bar dubban motoci da ake gwanjonsu zuwa ƙetare. Mun kuma binciki lambar jikin motar mai haruffa da alƙaluma 17 a intanet, musamman da yake a 2018 an yi kiranyen Toyota 86 na farko-farko don canza musu sifirin na bawul. Aka samu an yi wa wannan gyaran. Sai ƙanena ya dube ni ya ce, "Yaya, zuciyata tana wurin ja, amma gidana yana wurin fara." Ya biya kuɗin farar.

Daga nan hanya ta karɓi alƙalanci. Daga Legas zuwa Kano ya haura kilomita 1,000, muka raba shi kwana biyu don kada dare ya same mu a daji. A titin Legas zuwa Ibadan, inda kwalta ke shimfiɗe, na gane dalilin da mutum zai tara kuɗin shekara huɗu saboda mota. Tana kwance a ƙasa, sitiyarinta na amsa hannu nan take, kwana ba ta sa ta tangaɗi. Amma bayan mun wuce Akure da Owo muka doshi Okene, labari ya sauya. Tsakanin cikin motar da ƙasa bai wuce kamar santimita 13 ba, ga shi kusan kowane gari ya gina tudun rage gudu daidai da fushinsa da direbobi. Dole a karkace a hau kowanne taya ɗaya bayan ɗaya, duk da haka wani sai ya kankari cikinta. Kusa da Lakwaja muka shiga jerin tirelolin siminti, inda rufin motarmu da kaɗan ya ɗara tsayin tayarsu. A shingayen kwastam ma an tsayar da mu fiye da sauran motoci; takardunmu sun cika, sai dai baƙuwar mota takan jawo doguwar tambaya.

Mun haye Kogin Kwara ta gadar Murtala Muhammad, muka ratsa Koton Ƙarfe, wurin da ambaliyar 2022 ta datse hanya har matafiya suka yi kwanaki a tsaye, muka kwana a Abuja. Washegari, bayan fama da ɓangarorin da ake gyara kafin Kaduna, sabuwar kwaltar Zariya zuwa Kano ta mayar wa motar da mutuncinta. A gidan mai kuma wani lissafin ya fito: an tsara injinta don fetur mai daraja ta sama, mu kuwa iri ɗaya ake sayar mana, saboda haka kwamfutarta takan rage masa kuzari don ta kare shi. Ga tsadar man kansa tun bayan janye tallafi a watan Mayun 2023.

Masu iya magana sun ce wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Ƙanena ya sani, ya kuma yarda. Yanzu yakan zagaya ta doguwar hanya zuwa ofis don kauce wa ramukan unguwa, kuma idan damina ta cika tituna da ruwa, Adaidaita Sahu yake hawa. Shawarata ga duk matashin da ke da irin burinsa ita ce, kafin ya je kasuwa ya bi hanyar gidansa zuwa wurin aiki da ƙafa, ya ƙirga ramuka da tuddai, ya nemo bakaniken da ya taɓa buɗe irin injin, sannan ya tambayi iyalinsa.

Akwai kuma abin da ya shafe mu duka. Ba don girman kai kaɗai attajiri da ma'aikaci ke rububin jif ba. Lalacewar hanya ce ta tilasta mana sayen manyan motoci masu shan mai, muna biyan da aljihunmu abin da ya kamata harajinmu ya gyara. Allah Ya ba shugabanninmu ikon duba wannan, Ya kuma kai matafiya gida lafiya.