Ba A San Maci Tuwo Ba Sai Miya Ta Ƙare

A cikin wasannin da Bature ya zo mana da su, babu wanda muka yi wa riƙon sakainar kashi kamar kurket. Ƙwallon ƙafa ta shiga jininmu, amma da zarar an ce akwai wasan da ake kwana 5 ana yinsa, kuma a tashi babu wanda ya ci, sai ka ji an ce wannan ai aikin marasa aikin yi ne. To, mu dai mun zauna mun bi irin wannan wasa daga farko har ƙarshe, a gasar da aka yi tsakanin Ingila da Ostareliya a shekarar 2023, kuma mun ga ya dace mu ɗan gutsura wa mai karatu abin da muka tsinta.

Sunan gasar Ashes, wato Toka. Asalinta shi ne, a 1882 Ostareliya ta doke Ingila a filin Oval da ke Landan, sai wata jarida ta buga ta'aziyyar zolaya, wai kurket ɗin Ingila ya rasu, za a ƙona gawarsa a kai tokar Ostareliya. Tun daga nan ƙasashen biyu ke kai ruwa rana a kan wannan toka. Ɗan tulun da ake yi dominsa bai kai tsawon tafin hannu ba, yana ajiye a filin Lord's.

Ga yadda wasan yake a taƙaice. Kowane ɓangare mutum 11 ne. Mai jifa yana neman ya kayar da sanduna 3 da ke kafe bayan mai bugu, shi kuwa mai bugu yana kare su, yana kuma neman maki. Idan an fitar da mutum 10, sai a yi musanya, kowane ɓangare ya yi bugu sau biyu. Karawa 5 ake yi a gasar.

Abin da ya sauƙaƙa mana bin ta shi ne, a watannin Yuni da Yuli agogon Ingila daidai yake da namu. Ƙarfe 11 na safe suke farawa, su tafi cin abinci ƙarfe 1, su sha shayi dab da la'asar. Lokacin kuwa zangon karatu na uku ne, takardun jarrabawa sun taru a gabanmu, saboda haka sai mu duba goma, mu leƙa waya mu ga inda aka kwana.

A karawar farko, a Birmingham, aka nuna mana hali iri biyu. 'Yan Ingila, ƙarƙashin Ben Stokes, sun zo da salon gaggawa, har suka ajiye bugu da kansu tun ranar farko suna da maki 393, alhali da sauran mutanensu. A ɗaya ɓangaren kuwa ga Usman Khawaja, haifaffen Pakistan, wanda ya tsaya kamar an dasa shi. Babu ranar da bai riƙe sandar bugu ba a cikin kwanakin nan 5, ya kuma ci 141 a bugunsa na farko. Abin da ya fi burge mu da shi ba bugun ba ne, a'a, ƙwallayen da yake ƙyalewa su wuce ne, domin ya san ba kowace aka jefo ce tasa ba. Ostareliya ta ci wannan karawa da ƙyar, saura mutum biyu a fitar mata.

Karawa ta biyu an fara ta ran 28 ga Yuni, ranar Babbar Salla, muna fama da nama muna satar kallon waya. A ranarta ta ƙarshe aka yi abin da ya raba kan ɗakin malamanmu gida biyu. Jonny Bairstow na Ingila ya ɗauka an gama zagayen jifa, ya bar layinsa yana tafiya, sai mai tsaron bayan sanduna, Alex Carey, ya jefo ƙwallo ya kayar da su. Alƙali ya ce ya fita, domin haka doka ta ce. Wasunmu suka ce doka doka ce, wanda ya yi sake ɗan zaki ya girma shi ya jiyo. Mu kuwa muka ce akwai abin da ake kira kara, kuma ba duk abin da doka ta halatta ba ne mutumin kirki ke ɗauka. Har yau ba a raba wannan gardama ba. Stokes ya fusata ya ci 155, amma duk da haka Ingila ta faɗi da tazarar maki 43.

Nan fa kowa ya ce zance ya ƙare, 2 da babu. Sai Ingila ta ci ta uku a Leeds. A ta huɗu, a Manchester, ta tara maki 592, ta kama wuyan abokiyar hamayya, sai ga ruwan sama. Ranar ƙarshe ko jifa ɗaya ba a yi ba. Mu da muke roƙon ruwa saboda gero ya fara kai gwiwa, ga mu muna fatan a ɗauke shi a wata ƙasa! Aka tashi babu ci, kuma da yake ƙa'ida ce idan an yi kunnen doki toka na zama hannun mai riƙe da ita, Ostareliya ta tsira da abarta. Duk da haka Ingila ba ta saki jiki ba. Ta ci ta biyar ran 31 ga Yuli, inda Stuart Broad ya fitar da mutum na ƙarshe da jifarsa ta ƙarshe kafin ya yi ritaya. Aka tashi 2 da 2.

To, ina ruwan marubuci da wannan? Ruwansa da yawa. Rubuce-rubucen da ƙannenmu ke kawo mana mu duba, mafi yawansu ciwonsu ɗaya, wato gaggawa. Tun a babi na biyu an san wanda zai auri yarinyar, an san mugu, an san ƙarshensa. Duk abin da ya faɗo wa marubuci a rai sai ya cusa shi, babu abin da zai ƙyale ya wuce irin na Khawaja. Sannan dole mai gaskiya ya yi nasara a shafin ƙarshe, alhali kuwa a duniya sau da yawa mutum kan yi duk abin da ya kamata, ruwa ya zo ya wanke. Haka kuma rikicin da ya fi daɗewa a zuciyar mai karatu shi ne irin na Bairstow da Carey, inda kowane ɓangare ke da hujjarsa.

Ba muna cewa a daina rubutu mai zafi ba, domin ba don gaggawar 'yan Ingila ba da gasar ba ta yi armashi ba. Muna dai roƙon mai shirin kai littafinsa maɗaba'a ya ƙara masa kwana, ya sake karantawa, ya soke abin sokewa. Allah Ya ba mu haƙurin yin haka, amin.