CV ɗina mai shafi huɗu

Ƴan uwa ɗalibai, musamman masu neman wurin SIWES, bari in ba ku labarin kunyar da na sha, ko wani zai tsira.

A Karshi nake zaune wurin kawuna. Wanda ya san hanyar ya sani: Orozo, Kurudu, Jikwoyi, Karu, sannan gosulon Nyanya. In ba ka fita da asuba ba, sai dai ka isa gari da rana tsaka. Sati uku ina wannan zirga-zirga da kuɗin motar kawu, ina raba CV ofis-ofis, ko filashin babu wanda ya yi min.

Kuma wallahi alfahari nake da CV ɗin. A wani shagon kwamfuta aka tsara min, shafi huɗu, kanun rubutu ja da shuɗi, ga hotona da babbar riga. Firamare, addini, ƙabila, har da cewa ina son ƙwallo, duk na zuba.

Rannan a wani ofis, wata Hajiya da ke karɓar takardu ta ji ina waya da Hausa, sai ta ce in zauna. Ta nuna min tulin takardu a gefen teburinta.

"Ɗana, duk wannan ni kaɗai zan duba yau. Ina lambar wayarka?"

Na fara laluben shafuka. Tana shafi na uku, ƙarƙashin sunan mai unguwarmu. Ko ni sai da na neme ta.

Ta ce, "To me ka iya?"

Na ce, "Hajiya, ni ɗalibi ne, ban taɓa aiki ba."

Da ta matsa, na ce ni ke riƙe lissafin shagon kawu a kasuwar Karshi, da Excel, shekara biyu. Ta ajiye biro ta kalle ni. Abin da nake jin kunyar rubutawa, shi kaɗai ne ya dame ta.

A daren na rushe komai. Shafi ɗaya. Suna, waya da imel a can sama, kuma na buɗe sabon imel da sunana na gaskiya, don tsohon ko faɗinsa ba zan iya ba a nan. Sai kwas ɗina da ajin da nake, sai aikin shago a layi uku. Na baya-bayan nan a sama, tsoho a ƙasa. Rubutu iri ɗaya, baƙi, girma 12, da sarari tsakanin sassa. Hoto da babbar riga suka koma waya.

Wani abu kuma: in ta imel za ka tura, mai da shi PDF. Nawa na Word da na buɗe a wayar abokina, layukan sun hau juna kamar an zubar da tsintsiya.

Na mayar wa Hajiya ranar Litinin. Ko minti ɗaya ba ta yi ba ta ɗago ta ce, "Yawwa, yanzu na gan ka." Ta sa shi a wani fayil daban. Har yanzu ba a kira ba, amma wayata ko caji nake yi, tana kusa.