Kunnen Mai Sayen Itace

Hausawa na cewa itace tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wannan magana ce ta tarbiyya. A bakin murhu kuwa ɗanyen itace ba shi da daraja. A Gure, inda na tashi, sanin busasshen itace ilimi ne da uwa ke ba ɗiyarta, mahauci ke ba yaronsa, kuma ina ganin ya cancanci a maido masa da martabarsa.

Kakata ba ta sayen dami sai ta yi masa jarrabawa uku. Da farko ta ɗaga ta ji nauyi, domin ɗanyen itace kusan rabin nauyinsa ruwa ne. Sannan ta dubi bakin sara: busasshe ya tsattsage, ɓawonsa na saki da kansa. Daga ƙarshe ta buga guda biyu. In amon ya fito garau sai ta yi ciniki, in ya fito a dushe sai ta ce wa mai jaki: «Ɗana, mayar da shi ya sha rana.» Wanda ya cika sakayau ma ba ta so, don gara ta cinye cikinsa, toka kawai zai bari.

Bayan bushewa sai iri. Bagaruwa, kandili da aduwa suna da tauri, garwashinsu na daɗewa, shi ya sa masu balangu da tsire ke neman irinsu. Sabara ta fi dacewa da girkin sauri. Tumfafiya kuwa ta mai rashi ce: ta kama nan take, ta mutu nan take. Ranar Layya ake gane wanda ya iya zaɓe. Rago na bukatar zafi mai ɗorewa na sa'o'i, ɗanyen itace kuwa sai kumfa da hayaƙi, nama ya yi baƙi a waje, cikinsa bai nuna ba.

Hayaƙin nan ba a nama kaɗai yake tsayawa ba. Wutar ɗanyen itace tana ɓata ƙarfinta wajen ƙafar da ruwa, sai ta ci rabi da rabi, sauran ya shiga ido da ƙirjin mai girki da jaririn da ke bayanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum sama da miliyan 3 a shekarar 2020.

A ƙasar Muniyo akwai wani dalili da ya fi wannan kusa da mu. Tun bayan farin 1973 da na 1984, tuddan rairayi suka taso wa kwarurukan da ke ba mu dabino, goriba da kanwa. Bishiya ce ke riƙe rairayin. Duk damin ɗanye da aka saya, an gaya wa mai gatari cewa gobe ma ya sari mai rai. Ana ba da labari cewa Sarkin Damagaram Tanimun ya sa hukunci mai tsanani a kan saran gawo. Tun 1975 ranar 3 ga Agusta ta zama ranar dashen itace, dokar 1992 kuma ta kafa kasuwannin itace na karkara. Amma doka ba ta zuwa bakin kowane murhu. Mai saye ne ke zuwa.

Na san mai saran ba mugu ba ne, abincin iyalinsa yake nema, kuma matacce ya yi nisa da gari. Na san kuma ana sare mai rai a shanya shi har ya bushe, kunne bai gane ba. To, sai baki ya taimaki kunne: a tambayi inda itacen ya fito, a fifita matacce da rassan da manomi ya rage a gonarsa, uwar tana tsaye.

Ƴan uwana malamai, wannan darasi ba ya bukatar kuɗi. Ku shiga aji da itace biyu, ɗanye da busasshe, ku buga su yara su saurara. Yaron da ya koyi wannan amo zai kai shi gida kafin a ɗora tukunyar dare.